Yashi Ba Ya Sallama

Wata ranar Laraba da la'asar sakaliya, cikin bazarar 2022, muna zaune ni da Kawu a bakin kogi, ƙasa kaɗan da gadar da ta haɗa garinmu Malanville da Gaya. Zafi ya ɗan sassauta, masunta suna gyaran koma, yara kuma suna buga ƙwallo a kan wani faffaɗan yashi da ya ɓullo tsakiyar ruwa kamar bayan dorina. Sai ga saƙo ya shigo wayata daga ƙanena da ke karatu a Faransa. Hoton bidiyo ne ya ɗauka a wani wuri da ake kira Mer de Glace, wato Tekun Ƙanƙara, kusa da garin Chamonix a tsaunukan Alps. Ga shi nan yana gangarowa kan wata doguwar matakalar ƙarfe da aka manna a jikin dutse, yana haki. In ya ɗan sauka sai ya tsaya ya nuna wani ƙaramin allo da aka kafa a jikin dutsen, an rubuta shekara a kai. Ga 1990. Ya sauka, ya sauka, ga 2005. Ya ƙara sauka, ga 2010. Kowane allo yana nuna inda saman ƙanƙarar yake a waccan shekara. Ita kuwa ƙanƙarar tana can ƙasa, ta yi duhu da tsakuwa, kamar tana gudun mutane.

Na miƙa wa Kawu wayar. Ƙanen mahaifiyata ne, ya haura shekara hamsin yana su da fito a wannan kogi. Na ɗauka ƙanƙarar ce za ta ba shi mamaki, tunda shi bai san wata ba ban da ta masu sayar da ruwan sanyi da wadda kan faɗo da hadari ta ɓata shuka. Ashe ba ita ya kalla ba. Ya ce in mayar da hoton baya, ya ɗora yatsa a kan allon, ya tambaye ni abin da aka rubuta. Na bayyana masa. Ya yi shiru har na zaci ya bar maganar, can sai ya ce, "Mutanen nan suna ƙidayar asararsu." Daga nan ya nuna yashin da haɓa. "Ɗana, ka ga inda mai tsaron gidan can yake tsaye? Shekarar da aka yi bikin uwarka, a daidai nan gorar tuƙina ba ta taɓa ƙasa, ko da a tsakiyar bazara. Wa ya kafa allo?"

Tun ranar tambayar take bina. Idan abu yana ƙarewa a gaban idonka sannu a hankali, har ba ka iya nuna ranar da ya fara, kuma ba ka iya kama hannun wanda ya yi, mene ne haƙƙinsa a kanka? Kallo kawai ya ishe ka, ko kuwa kallon ma yana da nasa hisabi?

Ga wanda bai sani ba, abin da ke narkewa a can ba ƙanƙarar dare ɗaya ba ce. A kan tsaunuka masu tsananin tsayi dusar ƙanƙara ke zuba kowace shekara, ta bana ta danne ta bara, ta bara ta danne ta bara waccan, har nauyi ya matse ta ta zama kamar dutse. In ta yi kauri sai ta fara gangarowa cikin kwari, tafiyar da ido ba ya gani, shi ya sa na ga ya dace a kira ta kogin ƙanƙara. Rumbun ruwa ne, yana tarawa da sanyi yana saki da zafi, kuma manyan kogunan Turai irin su Rhone da Rhin daga irinsa suke samun wani rabo na ruwansu. Lissafinsa irin na rumbun hatsi ne: in abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa, ganin ƙasan rumbu na nan tafe.

To, ɗibar ta fi zubin. A 1988 taka uku mutum zai yi daga inda motar igiya ke sauke shi zuwa bakin ƙanƙarar Mer de Glace. Lokacin da ƙanena ya je, matakalar ta haura 500. A Suwizalan, cikin shekara biyu kacal, 2022 da 2023, kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar ƙasar ya narke. A bakin kogin ƙanƙara na Rhone har farin mayafi ake lulluɓa wa wani sashe nasa da bazara don a rage masa zafin rana, kamar majinyaci. Mu ma a Afirka muna da namu: fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da ke kan dutsen Kilimanjaro a 1912 babu ita yau.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na ƙauyen Fiesch a Suwizalan. A 1678 mutanen wurin, 'yan Katolika, suka yi alwashin fita addu'a kowace shekara don kogin ƙanƙara na Aletsch ya daina girma, saboda yana cinye musu makiyaya yana jawo musu ambaliya. Sun riƙe alwashin sama da shekara 300. A 2009 jikokinsu suka nemi izinin Fafaroma su juya addu'ar, aka ba su a 2010. Yanzu roƙonsu shi ne ƙanƙarar ta daina tafiya. Mu da muke fita roƙon ruwa a watan Yuni, sannan a Satumba mu koma roƙon Allah ya sassauta shi, ba mu da bakin yi musu dariya.

Kogin namu ba ƙanƙara ke ciyar da shi ba, wannan kam gara a faɗa tun da wuri. Kogin Isa, wanda Dendawa da Zabarmawa ke kira Isa Beri, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suke ce wa Kwara, ruwan sama ne abincinsa. Daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku. Mu nan cika biyu muka sani a shekara. Ta farko tana zuwa a Agusta da Satumba, ruwan damina ne na kusa, ja wur saboda laka. Ta biyu tana zuwa cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka a nan: ruwan Gini ne da ya yi watanni yana yawo cikin fadamun Masina a Mali, ya iso mana a tace, baƙi. Duk wanda ya tashi a bakin wannan kogi ya san cewa ruwan da yake sha a Janairu wani ne can nesa ya ga saukarsa a Yuli.

Ciwon kogin kuwa fuska biyu gare shi. A fari na shekarun 1970 da 1980 ruwa ya ja baya, har a watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai, abin da tsofaffin lokacin ba su taɓa gani ba. Daga baya damina ta dawo, amma ta tarar da ƙasa tsirara. An sare itatuwa, an nome gaɓa har bakin ruwa, saman ƙasa ya daskare ya ƙi shan ruwa. Saboda haka in an yi ruwa sai ya kwaso yashi ta ƙoramu da kwazazzabai ya juye cikin kogi. Ka ɗauki ƙwarya ka cika rabinta da yashi, ka zuba ruwa: nan da nan za ta tumbatsa, nan da nan kuma za ta ƙafe. Halin da muke ciki ke nan. Da damina ambaliya, kamar yadda Malanville da Karimama suka gani a 2010 da 2012 da 2020, shekarar da ma'aunin ruwa a Yamai ya kai mita 7. Da bazara kuma filin ƙwallo a tsakiyar kogi. Giwan ruwan da Kawu ke cewa sai mutum biyu sun ɗauka a sanda, yanzu labarinsa ya fi ganinsa yawa. Karfasa da kurungu ma sai ƙanana, don komar da ake jefawa idanunta sun ƙara matsewa.

Ina yaro na ɗauka wani malami ne aka sa wa garinmu sunansa. Daga baya na ji cewa sunan wani gwamnan Faransa ne na Dahomey, Malan, kuma tsohon sunan wurin Tassi, wanda da Dendanci yake nufin yashi. Wato kakanninmu sun san yashi, sun zauna da shi lafiya. Abin da ya sauya shi ne yawansa da wurin kwanansa.

Me ya sa ba mu gani ba? Ina jin amsar farko tana cikin yadda aka halicci idon ɗan Adam. Ido abokin abin da ke motsi ne. Maciji ya gilma, ka yi tsalle. Gara ta shekara tana cin azara, ba ka sani ba sai rufi ya faɗo. Mun ga misalin wannan ƙuru-ƙuru. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, aka rufe gadar nan tamu, aka gicciye kwantenoni a kanta, manyan motoci suka yi layin kilomitoci a hanyar Kandi, kaya suka ruɓe, kasuwarmu da ake cewa ita ce ta biyu a Benin bayan Dantokpa ta Kwatano ta yi sanyi. Cikin mako guda duniya ta ji. 'Yan jarida sun zo, an yi taruka, kowa ya iya faɗin rana da dalili da sunan wanda yake zargi. Amma a ƙarƙashin gadar nan da aka rufe a yini ɗaya, akwai wata hanya da ake ta rufewa shekara da shekaru, ƙwaya bayan ƙwaya, ba wanda ya ɗauki hotonta. Yashi ba ya sallama, ba ya kuma buga ƙofa.

Amsa ta biyu ta fi ta farko ban tsoro. Wani masanin kifi mai suna Daniel Pauly ya lura da ita a 1995, ko da yake kowace tsohuwa ta san ta: kowane zamani yana ɗaukar abin da ya buɗe ido ya tarar a matsayin yadda duniya take. Kawu yana auna kogi da gorar da ba ta taɓa ƙasa. Ni ina auna shi da zurfin da muka yi iyo muna yara. Ɗana yana auna shi da filin ƙwallo, kuma in wata shekara ruwa ya rufe filin, shi a wurinsa kogi ne ya yi musu ta'adi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Sai dai kowa ya fara ƙidaya daga inda ya tsaya, don haka kowa asara kaɗan ya gani, alhali in aka haɗa ta uku ɗin babba ce. Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mukan ɗauki karin maganar a kan hangen gaba. Ina ganin ya fi gaskiya a kan hangen baya, don abin da ya wuce ba ya bisa rimi, yana cikin kan tsoho, kuma ranar da aka kai tsohon makwancinsa tare suke tafiya. Amfanin allunan Chamonix ke nan. Sun hana kowane zamani fara ƙidaya daga kansa.

Sai batun laifi, wanda a nan ne maganar ta zo kaina. Bayan rasuwar mahaifinmu, mun gaji wata 'yar gona a gaɓar Sota, kusa da inda yake haɗuwa da babban kogi. Bakin gonar cike yake da giyayya da kanya. Ni ne babba, ƙannena suna makaranta, kuɗi babu. Na sa aka sare itatuwan, na sayar da itacen, na shuka albasa har bakin ruwa. Albasar ta yi kyau, da kuɗinta aka biya karatun yara. Damina huɗu ba a yi ba sai ga kwazazzabo ya tsaga gonar, kowace shekara yana ƙara faɗi, ƙasar mahaifinmu tana bin ruwa. Ina ta tafi? Wani rabo nata yana ƙarƙashin ƙafafun yaran can masu ƙwallo, ko na wasu yaran a gaba. Ƙanen da albasar ta kai makaranta kuwa shi ne ya aiko mini hoton ƙanƙara daga Faransa. Na daɗe ina juya wannan a raina ban sami inda zan ajiye shi ba. In aka ce in mayar da itatuwan in karɓe karatunsa, ba zan yarda ba. In aka ce kuma in rantse ba ni da hannu a yashin, ba zan iya ba.

Irin wannan ɓarna wahalarta ita ce ba ta da mai ita. Ƙwayar yashi ɗaya ba ta toshe kogi, haka ta biyu, haka ta dubu. Hayaƙin mota ɗaya bai narkar da dutsen ƙanƙara ba. Kowa yana iya cewa da gaskiyarsa, da ni da babu ni duk ɗaya. Kuma in kowa ya faɗi haka, sai a wayi gari an yi kisa babu makashi. Ni dai na fi ganinta kamar adashi ne da aka juya: kowa yana zubi kaɗan kaɗan ba ya jin nauyi, ɗauka kuwa ta jikoki ce, kuma abin da za su ɗauka yashi ne. Wanda ya yi zubi ba ya cewa ba ya cikin adashi don nasa bai kai rabin kuɗin ba.

Mafaka uku muke gudu mu shiga in an zo nan, kuma kowacce tana da ɗan rabonta na gaskiya, shi ya sa take da daɗin zama.

Ta farko ita ce ƙaddara. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukarwa Shi ke riƙewa, wannan babu musu. Amma na lura ba ma kiran ƙaddara in shanu suka shiga gonarmu. Gidan mai gari muke nufa da gudu. Ƙaddara tana fitowa bakinmu ne in ɓarnar ta tafi a hankali kuma muna da hannu a ciki. Mu da aka koya wa ɗaure raƙumi kafin tawakkali, aka kuma hana mu almubazzaranci da ruwan alwala ko da a bakin kogi muke, ba mu da hujjar jingina gatarinmu ga ƙaddara.

Ta biyu ita ce Turawa. Ita ma gaskiya ce mai nauyi. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma zafin da hargitsewar damina ba su tambayi wanda ya hura wutar ba. Iska in ta ƙara zafi takan ƙara ɗaukar laima, ta sauke ta a fusace. Akwai bashi a kan ƙasashe masu masana'antu, a taron Sharm el-Sheikh na 2022 ma an amince da kafa asusun biyan asara. A bi su bashin nan da ƙarfi, kada a ji kunya. Sai dai mai bin bashi ma ana iya binsa. Ba Bature ne ya sare giyayyar gaɓar Sota ba.

Ta uku ita ce talauci, kuma ita ce mafi ƙarfi. Matar da za ta ɗora tukunya yau da dare ba za a karanta mata lissafin shekara talatin ba. Masuncin da ya matse idon komarsa yana da bakuna goma a gida. Wanda duk ya zo daga birni da farar mota ya ce musu su bari, ba tare da ya kawo abin da za su riƙe ba, wasa yake yi. Na yarda laifi ba a raba shi daidai. Yana bin iko ne da sani. Mai injin sare itace da motar gawayi ba ɗaya yake da mai ɗaurin kirare ba. Amma da na auna kaina da wannan ma'auni, na ga talauci ya wanke ni daga itacen farko, bai wanke ni daga shirun shekara ashirin da ya biyo baya ba. Na ga kwazazzabon yana girma, na ga maƙwabta suna yin irin abin da na yi, ban taɓa buɗe baki na ce ku dubi tawa gonar ba.

Wannan ya kawo ni ga bambanci tsakanin ɗan kallo da shaida. A Turai akwai masu hawa jirgi su je su ga ƙanƙara kafin ta ƙare, hayaƙin tafiyar tasu kuma yana ƙara mata zafi. A Aisilan, cikin Agusta 2019, an yi taron bankwana da kogin ƙanƙara na Okjokull, aka kafa masa allon tagulla. Wata guda bayan haka mutane sanye da baƙaƙen kaya suka hau dutsen Pizol a Suwizalan suka yi wa nasu jana'iza. Da na ba wani abokina labari sai ya ce, "Aikin ƙoshi ne. Mu da ba mu gama binne mutane ba, ina mu ina jana'izar ƙanƙara?" Ban ga laifinsa ba. Akwai kallon da ba ya haifar da komai sai daɗin baƙin ciki, mutum ya girgiza kai, ya ɗauki hoto, ya koma gida ya ji kamar ya sauke nauyi.

Amma akwai wani kallon. A ranar 28 ga Mayu 2025 kogin ƙanƙara na Birch ya rufto ya binne kusan dukkan ƙauyen Blatten a Suwizalan. Mutum wajen 300 ke zaune a wurin, amma rai ɗaya aka rasa, don masu aune sun daɗe suna lura da dutsen, suka ga motsinsa ya sauya, aka kwashe mutane da dabbobinsu kwanaki kafin abin ya faru. Kallon da ke da ma'auni da rubutu da bakin faɗa, shi ne ya fitar da su.

Mu ma mun taɓa ganin ranar rubutu a kan wannan kogi. Da Benin da Nijar suka kai rikicin tsibirin Lete gaban Kotun Duniya a Hague, hukuncin 12 ga Yuli 2005 ya ce iyaka tana bin layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirage, kamar yadda take lokacin samun 'yancin kai a 1960. Lete ya faɗa wa Nijar, aka raba sauran tsibiran. Abin da ya yi nauyi a gaban alƙalai shi ne takardu: wasiƙun jami'an mulkin mallaka da rahotannin waɗanda suka auna zurfin ruwa suka rubuta. Masunta irin su Kawu sun san kowane gurbi na kogin nan fiye da tafin hannunsu, amma saninsu bai shiga takarda ba. Yau ma ma'aunai akwai, Hukumar Kogin Isa mai ƙasashe tara, wadda aka kafa a 1980 take da mazauni a Yamai, tana tattara alƙaluma. Abin da babu shi ne allon da mai wanki da mai fito da ɗan makaranta za su gani da idonsu, cikin harshensu, a hanyarsu ta kullum.

Ɗan kallo in an watse ya tafi ke nan, ba mai nemansa. Shaida kuwa ana iya kiransa. Dole ya riƙe rana, ya riƙe adadi, ya faɗi abin da ya gani ko da a kan kansa ne, kuma a shari'armu ɓoye shaida zunubi ne. Ina ganin mafi ƙarancin haƙƙin da abu mai ƙarewa yake da shi a kanmu ke nan: mu koma shaidu. Shaida ba ta kwashe yashi. Sai dai ba a gyara abin da ba a yarda ya lalace ba, ba a kuma yarda ya lalace sai an tuna yadda yake.

Kada mai karatu ya ɗauka komai mai tafiyar hawainiya ɓarna ne. Alheri ma haka yake tafiya, ido ma ba ya ganinsa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu maimakon sare shi, suna rage masa rassa, suna kāre shi, abin da ake kira sassaben zamani. Ba biki, ba ganga. Sai bayan shekara wajen ashirin hotunan tauraron ɗan adam suka nuna cewa itatuwa kusan miliyan 200, gawo da 'yan'uwansa, sun dawo a kan hekta miliyan 5. Kowane manomi a cikinsu yana iya cewa nawa bai taka kara ya karya ba, kuma da gaskiyarsa. Adashin nan dai ne, amma a wannan karo abin ɗauka inuwa ce da taki da abincin dabba. Hujjar da ke cewa ƙwayata ɗaya ba ta toshe kogi ba, ita ce dai ke cewa itacena ɗaya ba zai gyara shi ba, kuma mutanen Maraɗi sun riga sun ƙaryata ta. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da na iya yi ba shi da yawa. A bangon zaurenmu akwai zanen da ambaliyar 2020 ta bari, daidai ƙuguna. Da aka zo yaɓe na hana a rufe shi, na sa aka ja layi da fenti aka rubuta shekarar. A gonar Sota na ja albasa baya daga gaɓa da taku talatin, na bar kututturan kanya biyu da suka yi toho, na gaya wa maƙwabtana dalili, har da nawa laifin. Ɗaya ya bi, biyu sun yi dariya. Kwazazzabon yana nan, bai san na tuba ba.

Kowace Juma'a bayan la'asar kuma nakan kai ɗana wurin Kawu da littafi da biro. Kawu yana faɗa, yaron yana rubutawa: sunayen guraben da suka cike, inda dorina ke kwana, inda aka ga ayu na ƙarshe, shekarar da ruwa ya kai gindin wace tsamiya. Da farko yaron yana ƙosawa, hankalinsa na wurin ƙwallo. Makon jiya sai na ji ya tambaya, "Kaka, to filinmu shekararsa nawa?" Kawu ya ƙirga da yatsu, ya haɗa da haihuwar wance da rasuwar wane, ya ba shi amsa. Yaron ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi.

Allah ya ba Kawu tsawon rai mu cika littafin, ya kuma ba mu ikon faɗin gaskiyar abin da muka gani.